Kitsen Kumatuna da Ruwan Bagaruwar Iya

Bari in fara da laifina, tunda ni na jawo rabin abin da ya faru. Ni ne na ce kitsen rago aka saka mini a baki. Ba likita ya faɗa ba, ba Baba ya faɗa ba. Ni Kabiru na ƙirƙiro shi ranar da aka sallamo ni daga asibiti, don kawai in ga yadda idon Bashir zai fito. Kuma ya fito, har na ji tsoron kada ya faɗo ƙasa mu shiga nemansa cikin ɓawon gyaɗa. Sadiya da Bashir, ƙannena, ku nake rubuta wa wannan. A lokacin ke Sadiya shekararki tara, kai kuwa Bashir ko mazugin wandonka ba ka iya ɗaurewa ba. Abin da kuka sani duk a bakin mutanen garinmu Fassi kuka tsince shi, su kuma a bakina suka tsinci rabi, sauran suka ƙara gishiri. Na san sai mutum ya yi furfura yake zama rubuta tarihinsa. Ni shekarata goma sha takwas, amma an riga an cire mini haƙora uku da guntun ƙashin muƙamuƙi, don haka ina ganin na ci babi ɗaya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Ana yaye ni, Iya mahaifiyar Baba ta ɗauke ni ta kai ɗakinta, ban sake kwana a ɗakin Umma ba. Umma ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana in da mutane, ba ta haɗa ido da ni. In tana so a ba ni tuwo sai ta ce, "Sadiya, kai wa yaron Iya." In na faɗo daga kan mangwaro, abin da na yi ya fi sau ɗari, sai ta ci gaba da tankaɗenta kamar buhun dusa ne ya faɗo. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi a kowane gida, kuma Iya ta ishe ni komai. Ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ke tare mini bulala. Tana ce mini Maigida, ina ce mata Amarya, in ce zan sake ta in auro mai haƙora, ta ce wace mai haƙora ce za ta iya ciyar da ni. Kumatuna su ne abin alfaharinta. Tun ina jariri nake da su, irin waɗanda in na juya kai sai sun ɗan jima kafin su biyo ni. In baƙi suka yi magana sai ta ce furarta ce.

Ina shekara goma sha biyar wani ɗan ƙullutu ya fito mini a rufin baki, wato ganɗa, can ciki ta hagu kusa da turamen haƙori. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Da yake a satin na sace awara daga cikin kasko na cusa a baki da zafinta, sai na ɗauka ƙuna ce, na yi shiru don kada a tambaye ni awarar wa. Na yi watanni ina wasa da shi da harshe a cikin aji. Ƙullutun ya tashi daga girman wake ya koma girman goro, haƙori ɗaya ya fara girgiɗi. Iya ce ta lura ina tauna ta gefe ɗaya kamar tunkiya. Daga mai kemis a Kibiya aka tura mu asibiti a Rano, daga Rano aka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Suka yanki ɗan kaɗan suka kai gwaji, suka ɗauki hoton kaina ta gaba da ta gefe, muka yi ta zarya. Ranar da sakamako ya fito, likitan ya ce ciwon daji ne, amma irin mai tafiya a hankali, kuma bai bazu ba. Baba ya ce innalillahi sau ɗaya, ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

Likitan gajere ne mai sanƙo, yana magana a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Ya juyo wajena ya ce:

"Kabiru, tsakanin bakinka da hancinka akwai rufi, kamar rufin ɗaki. Za mu cire inda ciwon yake, haɗe da ƙashin wurin da haƙora uku. In muka cire, rami zai buɗe. In aka bar shi haka, ka sha kunu ya fito ta hanci, ka yi magana iska ta bi ta sama, mutane su yi ta cewa me ka ce."

Maganar ciwon daji ba ta girgiza ni kamar wannan ba. Ni da surutu ne sana'ata, a ce in buɗe baki ba mai ganewa! Baba ya tambaya:

"To da me za a toshe, likita?"

Sai likitan ya miƙo hannu ya kama kuncina na hagu.

"Da wannan. A cikin kuncin kowane mutum akwai wani dunƙulen kitse da jijiyoyin jininsa. Ba za mu yanke shi mu raba shi da jiki ba. Ta cikin baki za mu jawo shi, mu shimfiɗa a kan ramin mu ɗinke, gindinsa yana nan a kunci yana samun jini. In ya rayu, fatar baki za ta bi ta kansa ta rufe shi cikin sati huɗu zuwa shida. In ya mutu, ramin ya dawo."

Na ce, "Ashe kumatun nan ajiya nake yi."

Ya ce, "Ko siririn mutum yana da shi. Naka na waje ado ne kawai."

Ban taɓa jin an rage wa mutum daraja cikin ladabi haka ba.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, don barci na yi. Duk abin da na taɓa gaya muku cewa an cire kaina an ɗora a faranti, an wanke an mayar, ku zubar da shi. Na farka da roba a hanci wadda ake zuba mini abinci ta ciki, fuskata ta hagu ta kumbura kamar an ɓoye ƙwallo. Baba ne ya yi jinyata, don gwiwoyin Iya ba sa iya zaman mota. Umma sau ɗaya ta zo, ranar sallama, ta ce wai wankakkun kayan Baba ta kawo. Ba ta shigo wajen gadona ba. A bakin ƙofar ɗakin ta tsaya da ledarta, ta juya mana baya tana kallon wata bishiyar darbejiya kamar ita ta zo dubawa. A daidai lokacin wata nas mai ƙaton murya ta zo ta tsaya a kaina tana lissafa dokoki da yatsu.

"Kunu da koko da madara kawai, masu ɗumi-ɗumi, da cokali. Kada ka tsotsi komai. Kada ka fyace majina. Ban da fito, ban da hura wuta, ban da wangale baki. In atishawa ta zo ka bar baki a buɗe. Kurkura a hankali da maganin da muka ba ka. Kuma ku saurara da kyau, Malam: wurin zai yi rawaya, sama-samansa ya yi fari, zai ɗan yi wari har sati uku ko huɗu. Ba ruɓewa ba ce. Kada a goge, kada a kankare, kada a sa masa zafi."

Baba ya ce to. Ni ma na ɗaga kai, amma gaskiya hankalina yana kan dokar fito, ina tunanin yadda zan kira abokaina daga bayan katanga.

Da muka iso gida tsakar gida ta cika. Na yi kwana tara ban ba kowa labari ba, labarai sun taru a cikina har suna tunkuɗar juna. Ina zama a kan tabarmar Iya, kai Bashir ka matso ka tambaye ni me aka saka mini a baki. Ta tsakanin haƙora, da muryar da ta fi kama da ta ɗan akuya, na ce rago aka yanka a ɗakin tiyata, fari tas mai ƙaho uku, aka yanko kitsen bindinsa aka liƙa mini, likitoci suka soye sauran suka cinye ina kwance. Yara suka watse da gudu su kai labari. Kafin la'asar ragon ya zama na Sudan, kafin magariba har an san wanda ya sayar da shi. Iya tana gefe tana dama mini kunu, ba ta yi dariya ba. Ta dubi Baba ta ce:

"Sule, me suka sa wa yaron nan?"

Kun san Baba. Kalmominsa na yini ba su cika tafin hannu ba. Ya ce:

"An dai yi aiki, Iya. Sun ce kada a taɓa."

Ya sa takalmi ya tafi masallaci. Shi a ganinsa ya gama bayani.

Kwana uku da dawowata wurin ya zama daidai yadda nas ta faɗa. In na buɗe baki kaɗan a gaban madubi sai in hango wani abu rawaya mai laushi a manne a sama, da baƙin zare kewaye da shi, ga wani fari-fari a kansa kamar saman nono. Warin kuwa, ni da nake ɗauke da shi ma ina neman inda zan gudu. Iya kullum da safe sai ta karɓi wayar Baba ta haska, ta daɗe tana kallo, ta yi tsaki. Ta daina cin abinci sosai. Ta ce ita ta san mugunya in ta gan ta, ta ce kitse ko a cikin tukunya ya kwana uku sai ya canza, balle a bakin mutum. Ta sake yi wa Baba magana, ya ce sun ce a bari. Ta ce su da suka ce a bari a Kano suke kwana, ita ke kwana da warin. Ni kuwa, maimakon in gyara, da abokaina suka zo dubiya sai na ƙara da cewa in na yi barci ina jin kukan ragon a cikin kaina.

Ranar da abin ya faru Talata ce da hantsi. Lokacin cirar gyaɗa ne, Baba ya tafi gona tun da sassafe, ku kuma kuna makaranta, shi ya sa ba wanda ya gani a cikinku. Umma tana tsakar gida tana tsinkar gyaɗar da aka kawo jiya. Iya ta dafa bagaruwa da jar kanwa a ƙaramar tukunya, ta juye a kwano, tururi na tashi. Ta yagi gefen wani wankakken zane ta naɗa a ɗan yatsa, ta zauna a bakin gado.

"Zo nan, Maigida. Yau za a fitar da ƙazantar nan."

Na ja da baya. Na ce:

"Iya, wallahi ƙarya na yi. Ba rago ba ne. Kitsena ne, na kumatuna."

"Shekaranjiya na rago, yau naka. Gobe kuma na raƙumi ne."

"Na rantse da Allah, Iya."

"Ka rantse mini ka ga kura a bayan makarantarku. Ka rantse mini malaminku ya haɗiye alli. Wa ya taɓa jin an ciro kitse daga kumatu fuska ba tabo? Buɗe."

"Sun ce kada a sa zafi."

"Wane ciwo ne a gidan nan ban gasa ba? Cibiyarka ni na gasa. Kaciyarka ni na gasa. Uwarka da ta haife ka ni na yi mata ruwan zafi kwana arba'in. Wanne ne bai warke ba? In zuba ido kanka ya ruɓe ina kallo? Buɗe, na ce."

Idonta ya kawo ruwa. Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na buɗe. Ban taɓa ce wa Iya a'a a kan magani ba tun da aka haife ni, kuma warin ya sa ni kaina na fara tunanin ko ita ce da gaskiya. Ta tsoma yatsa a kwanon, ta kai can sama, ta goga sau ɗaya. Zafin da na ji ba zan ƙara masa gishiri ba, don ba ya buƙata. Na ji wani abu ya tsinke, na ji gishirin jini a harshe, na yi wani gurnani ta hanci. Iya ta ce yawwa, ga shi ya fara fita, ta mayar da yatsa cikin kwanon.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Umma ta shiga ɗakin Iya ba tare da ta yi sallama, ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa ba. Ranar nan kuwa da takalminta ta shigo, da ƙasar gyaɗa a hannu. Ta kama wuyan hannun Iya, yatsan yana ɗigar da ruwan bagaruwa a tsakaninsu. Ta dube ni, ido cikin ido, ta ce:

"Kabiru, rufe bakinka. Kada ka tofar, kada ka kurkure."

Sai da na waiga bayana in ga wane Kabirun ake nufi. Ban taɓa jin sunan nan a muryarta ba. Ta durƙusa, amma ba ta saki hannun ba.

"Iya, ki gafarce ni. Ba ruɓewa ya yi ba. Sun ce zai yi rawaya, sama-samansa ya yi fari, zai yi wari har sati uku ko huɗu. Sun ce kada a goge, kada a kankare, kada a sa masa zafi. Naman jikinsa ne, da jijiyarsa a jiki. In ya mutu ramin zai buɗe."

Kalma bayan kalma, yadda nas ta jera su, har da abin da likita ya gaya wa Baba wanda ban san ta taɓa tambaya ba. Iya ta ce:

"A ina kika ji?"

"A bakin ƙofa."

Iya ta dubi hannunta da ke cikin na Umma. Ta daɗe tana dubansa.

"Sake ni."

Umma ta saki.

"Shekara goma sha uku ina cin kashinsa da fitsarinsa, yau ni ce zan kashe shi?"

"Ban ce haka ba, Iya."

"Kin riƙe mini hannu. Kin kira sunansa, a ɗakina. To ashe yana da uwa. Ɗauki abinki."

Umma ta ɗauke kwanon ta fita da shi, ta kira Baba a waya, ta sa hijabi. Baba ya zo a kan babur da ƙasa har gwiwa, muka hau mu uku zuwa Rano, daga nan muka shiga motar Kano. A motar Umma ce ta zauna kusa da ni, tana riƙe da tsumma a haɓata saboda jinin da ke biyo yawu. Ban san inda zan ajiye idona ba, ita ma haka. Ni ina kallon keyar direba, ita tana kallon gonaki, har muka shiga gari. Na haddace keyar mutumin nan, ko yau na gan ta a kasuwa zan gaishe ta.

Likita ya haska ya daɗe yana dubawa. Ya ce ɗinki biyu sun tafi ta gaba, gefen ya ɗan ƙone, amma tsakiyar da ranta. Ya tambaya sau nawa aka goga. Na ɗaga yatsa ɗaya.

"Da an yi uku ko huɗu, da wata maganar muke yi yanzu," in ji shi.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ce ba za a sake ɗinki a kan kitse mai laushi ba, a bar shi a ga abin da zai yi da kansa. Aka riƙe ni kwana ɗaya. Washegari da azahar muka dawo, na tarar da akwatina da tabarmata da jakar makarantata a jere a ƙofar ɗakin Iya, an ɗora filona a sama. Ba a jefar da su ba, an jera su da kyau. Baba ya kwashe ya kai ɗakin zaure. Tun daga ranar, a can nake kwana.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, sai dai ba ku san dalili ba. Iya ta daina cin girkin Umma, ta fito da tsohon murhunta tana dafa nata da gwiwoyin nan. Umma ta je ta durƙusa da safe, ta je da yamma, Iya ta amsa gaisuwa a taƙaice ta juya fuska. Baba ya yi magana mafi tsawo a rayuwarsa, ta kai minti biyu, ba ta yi amfani ba. Kakarmu ta wajen Umma ta taso daga Dawaki da goro ta ba da haƙuri, ta kuma yi wa Umma faɗa a gaban kowa. A gari kuwa magana ta bazu cewa Umma ba ta da kunya, ta kira ɗan fari gatsal, ta murɗe hannun surukarta. Wasu suka ce mari ne. A wajen wani suna mata suka riƙa yi mata habaici har ta taso ba ta ci abinci ba. Ba ta murɗe ba, ba ta mara ba. Riƙewa ta yi, ina wurin.

Da bakina ya ɗan saki, na je ɗakin Iya na zauna a ƙasa na ce mata duk laifina ne, ni na kawo zancen rago. Na ɗauka in na faɗi haka komai zai koma daidai. Ta ce:

"Na sani, Maigida. Sule ya yi mini bayani, da ya yi tun farko da ba a kai nan ba."

"To ki yafe wa Umma mana, Amarya."

"Na yafe mata. Ita ce da gaskiya." Sannan ta ce, "Amma duk sanda na gan ta sai in ga hannuna da tsumman nan. Tashi ka je, kununka zai huce."

A waɗannan makonnin Umma ce ta koma dama mini kunu. Takan ɗiga a bayan hannunta ta ji ɗuminsa, ta kawo har ƙofar zaure. Matsalarta ɗaya, ta rasa abin da za ta kira ni. Ba ta iya cewa yaron Iya kuma, sunana kuwa ya riga ya jawo abin da ya jawo. Sai ta koma cewa "Ungo." Wata guda cur sunana Ungo. Kowace safiya bayan Baba ya haska bakina ya fito, sai in ji tana tambayarsa a hankali daga bayan ƙofa wane launi ne yau. Shi kuma ya ce, "Yana nan." Da aka gama kaka aka kai amfanin gona rumbu, Iya ta ce za ta je Rano gidan Baffa Sani, ƙanen Baba, ta ga jikokinta na can kwana biyu. Ba wanda ya kore ta. Umma ce ma ta ɗaure mata kaya, ta sa daddawa da kuka a ciki, ta raka ta har bakin mota tana kuka. Ke Sadiya kin gani, kika tambaye ni ko mutuwa aka yi.

Ga yadda bakin ya ƙare. A sati na huɗu rawayar ta fara ja da baya daga gefe, a na shida wurin ya zama ja-ja mai santsi kamar sauran baki, in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Inda ɗinki biyun nan suka tafi ne kawai ya bar wata 'yar ƙofa kamar hancin allura. In na sha ruwa da sauri sai ya ɗigo ta hanci, na kuwa yi wata shida ina nuna wa 'yan ajinmu wannan fasaha kafin a kira ni a ɗinke ta, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Kuncina na hagu ya ɗan faɗa, sai mai lura ke gani. Ina tauna ta dama. Muryata ta dawo, malamanmu sun ce da ta ɗan rage da sun fi so. Ina komawa Kano a duba ni lokaci-lokaci, kuma zuwa yau ciwon bai dawo ba.

Iya tana Rano. Ina zuwa gaishe ta duk ƙarshen wata, ta sa in buɗe baki ta haska, ta ce madalla, ta dama mini fura. Baba ya je ɗauko ta ya fi a ƙirga, kullum sai ta ce sai an kwana biyu. Ɗakinta yana nan yadda ta bar shi, Umma ke share shi duk Juma'a. Shekara ta uku ke nan, ba ta dawo ba.